Wa Samida Ta Hana Ɗibar Yashi

Wa Samida maƙwabciyata ce. A wajenmu "Wa" ake sawa gaban sunan mace, "La" gaban na namiji. Shingen gora ne kaɗai tsakanin gidana da nata a Bonelawa, ƙauyenmu da ke kan wani ɗan tsibiri, kuma sama da shekara talatin ke nan muryarta ce ke riga ta zakara shiga kunnena. Gajeriyar mace ce, rana ta ƙona ta ta yi baƙi, tafin hannunta ya yi kaushi kamar ɓawon kwakwa saboda jan igiya a ruwan gishiri. Ni malamar firamare ce har na yi ritaya, ita kuwa manomiyar ciyawar teku ce. Mijinta La Ndiu masunci ne, mutum mai shiru, wanda in ya yi magana sau biyar a wuni to ranar ya yi surutu. Mutanen gari kan ce ba laifinsa ba ne, matar ce ba ta taɓa bar masa fili ba.

A gaban garinmu akwai wani dogon tudun yashi cikin teku. In ruwa ya janye ya fito fari tas, in ya cika ya nutse. Shi ke karya ƙarfin igiyar ruwa lokacin iskar yamma, shi ya sa ruwan da ke tsakaninsa da gari yake kwance luf. A nan mata ke miƙe igiyoyinsu, su ɗaure ƙananan ciyawa a jiki, su sa robobin lemo su riƙe igiyar a saman ruwa. Bayan wata ɗaya da rabi a jawo a shanya. Da ciyawar nan Wa Samida ta yi wa 'ya'yanta uku makaranta.

Lokacin da aka ce Jakarta, babban birnin ƙasa, ta sassauta, ta mayar wa gundumomi ikon gudanar da harkokinsu, mun yi murna kamar kowa. Da can ko rufin aji ne ya yaye sai takarda ta haye teku ta yi shekara kafin a ji amsa. Daga baya kuma aka yanko mana sabuwar gunduma tamu ta kanmu, aka zaɓi ɗan yankinmu ya shugabance ta. Ya zo Bonelawa a jirgin ruwa mai tutoci, ya tsaya a filin ƙwallo ya ce, "Daga yau mu ke mulkin kanmu. Ba wanda zai zauna a nesa ya yanke muku hukunci." Muka tafa har hannu ya yi zafi. Wa Samida ma ta tafa, na gan ta.

Bayan 'yan shekaru aka zo zaɓen shugaban ƙauye. Maza biyu suka fito, kowa da danginsa, gari ya kusa rabewa. Matan ciyawa suka ce su dai sun gaji, a ba su Wa Samida. Ta ce ita ba ta iya zama a kujera ba, gindinta bai saba ba. Suka ce ta tsaya a tsaye ta yi mulkin. Haka aka yi, ta ci zaɓe, aka ba ta farin kaya na bikin rantsuwa da hatimin ƙauye. Kayan sun yi mata tsawo, ni na nannaɗe mata ƙafar siket ɗin da allura.

Sabuwar gunduma kuwa tana bukatar gine-gine. Ofishin shugaba, zauren majalisa, gidajen manya, ga cike bakin teku don a yi tashar jirgi. Duk wannan yashi yake ci. Wata safiya a shekararta ta biyu kan mulki, muka tashi muka ga wani ƙaton jirgi ya yi anka a bayan tudun. Ya zura wani dogon bututu ƙasa yana zuƙa, yana amayo yashi cikin wani jirgin mai faɗi. Kafin azahar ruwan da muke ganin ƙasansa ya koma kamar ruwan wankin shinkafa.

Wa Samida ta sa La Ndiu ya tuƙa ta har gindin jirgin. Ta ɗaga kai ta ƙwala wa wani mai hular kwano kira.

"Kai, mai hula! Wa ya aiko ku?"

"Muna da lasisi, Inna. Daga gunduma."

"Ni ce shugabar ƙauyen nan. Ban ga wata takarda ba."

"Ai ba sai kin gani ba, Inna. Daga sama ta fito."

"To ka gaya wa saman in ta gama ta sauko mu gaisa."

Cikin sati uku ciyawa ta fara fari tana ruɓewa a jikin igiya. Wa Samida ta sa aka buga ƙarfen taro. A zauren ƙauye, gaban dattawa da liman da 'yan majalisar ƙauye, aka sa wa tudun kaombo, wato hanin nan da kakanninmu ke ɗorawa kan wuri a ce ba mai taɓa shi. Amma ta ce baki kawai ba zai isa ba, tunda mutanen nan takarda suke ji. Aka rubuta shi a matsayin dokar ƙauye: ba a ɗibar yashi daga tudun Bonelawa, ko na gina kaskon murhu ne. Ni na rubuta da hannuna, ita ta buga hatimi da ƙarfi har teburin ya girgiza.

Kwana huɗu sai ga Pak Darwis, camat ɗinmu, jami'in da gunduma ta ɗora kan ƙauyukan yankin. Mutum ne mai fara'a, kullum rigarsa a goge. Ya same ta a bakin ruwa tana tsince ruɓaɓɓiyar ciyawa, ya tsaya nesa kaɗan don kada takalminsa ya jiƙe. Da "Bu" ya kira ta, lakabin girmama mace, kamar yadda ake ce wa namiji "Pak".

"Bu Samida, kin san dokar ƙauye ba ta aiki in ta saɓa wa ta gunduma."

"Pak Darwis, zo kusa mana, ruwan ba ya cizo."

"Maganar gaskiya nake miki. Ikon ba da lasisin nan na gunduma ne. Jakarta da kanta ta ba mu."

"Na ji. Jakarta ta sauko da mulki, ko? To a wane bene ya maƙale? Don mu nan ƙasa har yau bai iso ba."

"Ginin nan fa na kowa ne. Tashar jirgi ku ma za ta amfane ku."

"Da me za mu je tashar? Da wannan?" Ta ɗaga masa wata igiya mai yauƙi tana ɗiga. "Sansana ka ji. Da Jakarta ke mulkinmu mantawa take yi da mu, ko ba komai muna samun barci. Ku kuwa kun tuna da mu, kun zo da bututu."

Pak Darwis ya yi murmushi, ya ce ta janye dokar cikin kwana bakwai, shawara ce ta ɗan'uwa. Ta ce ya gaishe da mutanen gida.

Ba ta janye ba. Takardar gargaɗi ta zo, ta biyu ta biyo, sannan ta uku ta zo da labarin an dakatar da ita saboda rashin biyayya ga na gaba. Aka turo wani ma'aikacin ofishin camat, La Ode Marzuki, ya yi riƙon ƙwarya. Saurayi ne mai kunya, ni na koya masa karatu a aji biyu. Ya zo gidanta karɓar hatimi yana ta sunkuyar da kai. Mutane sun cika ƙofar gida suna jiran a yi rigima. Sai ta shiga ɗaki ta ɗauko hatimin, ta goge shi da gefen zaninta, ta miƙa masa.

"Ungo, ɗana. Katako ne da roba. Ka riƙe shi da kyau, bakinsa na dama ya ɗan cinye, sai ka danna sosai."

"Inna, wallahi ba ni na nema ba."

"Na sani. Ka ci abinci kuwa?"

Sai da ta zaunar da shi ya ci kasuami, tuwonmu na rogo, da romon kifi kafin ta sallame shi. Da ya tafi na ce mata, "Yanzu shi ke nan kin ba su?" Ta kalle ni ta ce, "Malama, hatimi suka ba ni, hatimi suka karɓa. Mutanen da suka zaɓe ni fa, a aljihun wa za su sa su?"

Haka kuwa aka yi. La Ode Marzuki ya buɗe ofis kullum ƙarfe bakwai, ya share, ya zauna. Mai neman takardar aure ko ta haihuwa ya je ya buga masa hatimi. Amma rikicin iyakar gona, faɗan miji da mata, ranar da za a gyara rijiya, duk a ƙarƙashin bishiyar mangwaron Wa Samida ake yanke su. Shi kansa in abu ya ɗaure masa kai, ta bayan gida yake zagayowa ya tambaye ta.

Jirgin dai bai daina zuƙa ba. Da iskar yamma ta zo a shekarar, tudun ya riga ya yi rami a tsakiya, igiyar ruwa ta samu ƙofa. Ta cinye bishiyoyin kwakwa goma sha ɗaya, ta rushe gidaje bakwai na layin gaba. Sannan ta shiga maƙabarta. Da safe muka tarar gefen kudu ya zabtare, har da kabarin mahaifiyar Wa Samida. Maza suka shiga ruwa suna tattara abin da za a iya tattarawa a cikin farin ƙyalle. Ita tana tsaye a kan gaɓa, ba ta yi kuka ba. Ban taɓa ganinta haka ba, har tsoro ya kama ni. Bayan an sake binnewa a kan tudun bayan gari, ta juyo ga matan da ke wurin ta ce, "Kowa ta kawo duk igiyar da take da ita. Har ta shanya."

Jirgin da ke kwashe yashin ta wata 'yar mashiga yake bi, ita kaɗai ce mai zurfi a wajen. Washegari da hantsi kwalekwale arba'in da biyu suka fita, kusan duk mata, suka shimfiɗa igiyoyi daga wannan gefen mashigar zuwa wancan, layi a kan layi, suka ɗaure musu ciyawa da robobi kamar kowace gona. Da jirgin ya taso da la'asar ya yi ta busa ƙaho. Ba wadda ta motsa. Direban ya ɗauka igiyar banza ce, ya kutsa. Farfela ta naɗe ta tamau, inji ya yi tari ya mutu, jirgi ya tsaya cak cike da yashi.

'Yan sanda suka zo a rana ta biyu. Babbansu ya tambayi wa ya ba da umarnin tare hanya.

"Wace hanya, ranka ya daɗe?" in ji Wa Samida. "Gona ce. Ciyawarmu ta mutu a can, muka matso nan. Jirginsu ne ya shiga mana gona. Dama ina shirin zuwa wurinku in kai ƙara."

"Kina da izinin noma a nan?"

"Kakata ba ta da shi, uwata ba ta da shi. Uwar tawa ma shekaranjiya muka sake binne ta, da ka tambaye ta."

Suka tafi da ita duk da haka. Kwana uku ta yi a ofishinsu a babban garin gunduma. La Ndiu ya bi ta, ya zauna a kan dakalin ƙofar ofishin da ƙullin abinci. A rana ta biyu matan gari suka cika jirgin fasinja suka je suka zauna kusa da shi. Masu wucewa suka fara ɗaukar hoto da waya. A rana ta uku aka sake ta, aka ce ta riƙa zuwa tana sa hannu duk Litinin. Kamfanin ya sa masu nutso suka yanke igiyoyin. Matan suka sake shimfiɗa wasu. Aka yanke, suka sake. Har igiya ta yi wuya a kasuwar yankin.

Ana cikin wannan sai labari ya zo cewa an canza doka a Jakarta. Ikon teku da na haƙar ƙasa an ɗauke shi daga hannun gundumomi an mayar wa larduna, waɗanda ke sama da su. Ke nan lasisin jirgin sai lardi ya sake dubawa. Mutane suka fara murna, wasu har da yanka kaza. Wa Samida ba ta yi murna ba. Ta ɗauki dokar ƙauyenmu da hotunan maƙabarta a cikin leda, ta ce in raka ta babban birnin lardi. Wuni guda muka yi a jirgi, wani wunin a mota.

Jami'in da ya karɓe mu mutumin kirki ne. Ya ba mu shayi, ya duba hotunan, ya girgiza kai. Ya ce takardun gundumomi duka ba su gama isowa ba, ma'aikatansu kaɗan ne, teku kuma faɗi gare shi. Ya buɗe taswira ya ce mu nuna masa Bonelawa. Muka duba, muka duba, babu. Inda tsibirinmu ya kamata ya kasance shuɗi ne kawai.

"Ka gani ko, Pak?" in ji ta. "Na kusa ya san inda muke, ya zo ya kwashe mu. Na nesa bai ma san muna duniya ba. An ɗauke tekunmu daga hannun wancan an ba wannan, kamar ana miƙa faranti a wurin biki, mu da ke cikin farantin ba wanda ya ce mana sannu."

"Ki yi haƙuri, Bu. Za mu duba."

"Haƙuri muna da shi, ƙasa ce ke ƙare mana. Ba ni biro."

Ta ɗiga ɗigo a kan taswirarsa, ta rubuta sunan garin da manyan baƙaƙe. Ta ce ba za mu tashi ba sai ya ba mu takarda mai cewa ba a sabunta lasisin ba tukuna. Ya ce shugabansa ba ya nan. Ta ce muna da tabarma. Kwana biyu muna zuwa muna zama a barandar ofishin, a na uku takardar ta fito, layi huɗu kacal. Da ita ta koma ta sa La Ndiu ya kai ta gindin jirgin, ta miƙa wa mai hular kwano a bakin sandar tuƙi.

"Ungo. Daga sama ta fito. Saman samanku."

Bayan sati biyu jirgin ya janye anka ya tafi.

Gunduma ba ta mayar da ita kujerarta ba. Aka yi ta jan ƙafa har wa'adinta ya ƙare, aka sa ranar sabon zaɓe. Ta kai takardunta. Kwamitin tantancewa ya dawo da su, wai a takardar shaidar ƙaramar sakandarenta an rubuta Samidah da "h" a ƙarshe, a katin shaidarta kuwa babu, saboda haka ba a tabbatar mutum ɗaya ba ce. Makarantar da ta yi kuma an daɗe da rufe ta, babu mai ba da shaida. Aka yi zaɓe ba ita, wani ɗan'uwan matar camat ya hau.

Ranar da aka rantsar da shi ta leƙo ta kan shinge.

"Malama, littattafanki na nan?"

"Waɗanne?"

"Na ƙaramar sakandare. An ce akwai jarrabawar manya da ake ba da satifiket. Zan sake yi. Wannan karon ni zan tsaya a kansu su rubuta sunan."

Tana da shekara hamsin da takwas a lokacin. Kullum bayan la'asar, in ta dawo daga ruwa, sai ta zauna a barandata da tabaron La Ndiu a hanci. Ɗaliba ce mai wahalar sha'ani. Lissafi ba ta da matsala da shi, amma Ingilishi ta ce yaren mutanen da ba su da aikin yi ne. A darasin tsarin mulki kuwa gardama take yi da littafin. In ya ce ƙauye yana da ikon tafiyar da al'amuransa, sai ta buga shafin ta ce, "Wanda ya rubuta wannan ya taɓa zuwa ƙauye kuwa?" Na ce mata a jarrabawa abin da littafi ya ce za ta rubuta. Ta ce za ta rubuta, amma Allah ya ga zuciyarta. Ta zauna jarrabawar tare da samari masu gyaran babur da 'yan matan kanti, ta ci.

Sabon shugaban bai yi shekara biyu ba ya ajiye, ya ce shi ba zai iya mulkin garin da in ya kira taro kujeru ne kaɗai ke zuwa ba. Aka sake zaɓe. Kwamiti ya juya satifiket ɗin gaba da baya, ya ɗaga shi a rana, bai sami wani aibu ba. Ta ci da ƙuri'a ɗari shida da goma sha huɗu, abokin takararta ya samu tamanin da tara.

Shugaban gunduma ne ke rantsar da shugabannin ƙauyuka, kuma har lokacin wanda ya dakatar da ita ne a kai. A sabon zaurensa mai sanyi aka yi bikin. Da ya zo kanta zai maƙala mata lamba, ya rage murya ya ce, "Bu Samida, abin da ya wuce ya wuce." Ta dubi daɓen, ta dubi ginshiƙan, ta ce da muryar da har layin baya sai da aka ji, "Ranka ya daɗe, gini ya yi kyau. Ina jin kamar a gida nake, tunda rabinsa yashinmu ne." Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari.

Tudun bai dawo yadda yake ba. Ramin tsakiyar yana cikewa a hankali, amma mutanen gidaje bakwai ɗin sun koma kan tudun bayan gari, ba za su sake gini a gaba ba. Ciyawa ta farfaɗo. Dokar ƙauyenmu kuwa har yau gunduma ba ta amince da ita ba, ba ta kuma soke ta ba, tana cikin wata durowa. Wa Samida ta sa an rubuta ta da fenti a jikin allo an kafa a bakin ruwa.

Watan jiya wasu mutum biyu suka zo daga lardi da na'urar awo, suka ce ana tsara yadda za a raba tekun yankin, nan wajen kamun kifi, nan na yawon buɗe ido, nan na haƙa. Ta tambaye su a ina Bonelawa ta faɗo. Suka ce ba a gama ba, in an gama za a sanar da mu.

"A'a," in ji ta. "Ba sanar da mu za a yi ba. Da mu za a zauna."

Suka ce taron na jami'ai ne, ba a gayyaci ƙauyuka ba. Ta tambayi ranar, suka faɗa mata don ba su san ta ba. Ranar Litinin mai zuwa ce, a babban birnin lardi. Ta riga ta kama wa mata ashirin wuri a jirgin Asabar, ta ce kowa ta zo da tabarmarta da abincin kwana biyar. Na ce mata gwiwata ba za ta iya wannan tafiyar ba. Ta ce gwiwa ba ta rubutu, hannuna take so, in shirya.